Bushiyar Inna Yalwa

A gidanmu na Kutama, da an ci tuwon magariba sai mu kewaye murhun kakarmu Inna Yalwa, muna ɓarar gyaɗa tana ba mu tatsuniya. Ka'ida ce ba ta farawa sai mun amsa mata baki ɗaya, mu kuwa amsawar da iyakar ƙarfinmu muke yi, ni ce ma shugabar masu ihun.

Ƙanwata Safiya ce kaɗai ba ta zama. Da mun ɗaga murya sai ta toshe kunnuwa ta ruga ɗaki. A gaban mahaifiyarmu surutu take kamar rediyo, amma da ta fito tsakar gida sai bakin ya ɗinke. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce raini. Shekararta bakwai Baba ya yanke shawarar cire ta daga makaranta, don ko sunanta aka kira ba ta amsawa.

A makon nan Inna ta ce, "Ta yau mai jin kunya ce. Wanda ya amsa da ƙarfi ya kore ta." Muka amsa da raɗa, muna ƙunshe dariya. Safiya ta tsaya a bakin ƙofa.

Wai dabbobi ne suka so ganin fuskar bushiya. Kura ta daka mata tsawa, ta dunƙule. Biri ya kaɗa mata ganga, akuya ta tunkuye ta, ta ƙara dunƙulewa. Sai wata tsohuwar kaza ta zo gefenta tana tsince-tsincenta, ko kallonta ba ta yi ba. Can bushiya ta leƙo.

"Me ta ce mata?" Muryar Safiya ce, siririya. Na juya zan yi shewa, Inna ta take mini ƙafa.

"Cewa ta yi wa kazar, sannu da aiki," in ji Inna, idonta na kan wuta.

Baba yana kan buzunsa, ya ji komai. Washegari ya roƙi malamin Safiya ya bar ta ta riƙa ɗaga hannu in an kira suna.

Sai bayan shekaru wata likita a Kano ta bayyana mana cewa tsoro ke riƙe wa irin waɗannan yara harshe, ƙara kuma ciwo take musu. Yau Safiya ɗinki take koyarwa a Kabo, a hankali, ɗalibai uku-uku. Na daɗe ina zaton don a lallashe ta aka yi tatsuniyar nan. Sai da na girma na gane da mu Inna take, kuma har yau ina jin kunya, domin ni ce kurar.