Mesa a ƙarƙashin ƙafar 'yata

Buhun da 'yata Husna ta ɗora ƙafa a kai tun daga Gombe, ashe mesa ce a ciki, mai rai!

Sai da motar hayarmu ta iso shingen bincike daf da Inkil, jami'in gandun daji ya zunguri buhun, ya motsa. Na fizgo yarinyar. Mai kayan, dattijon da ya rantse mana doya ce, ko gezau.

Jami'in ya ce, "Baba, ina takardar izinin saye da ta shigo da ita wannan jihar?"

Ya ce, "Wace takarda kuma? Gardin da ya sayar min ya ce ba ta da dafi."

Na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah! Mesa da dafi take kisa? Dubi ƙanƙantar yarinyar nan!"

Wai in kwantar da hankalina, in ji dattijon, mesar a ƙoshe take, jiya ta haɗiyi kaza.

Jami'an sun ƙwace ta, sun tafi da shi. Har muka shiga Bauchi Husna ba ta yarda ta sauke ƙafa ƙasa ba.

Jama'a ku faɗa min, ashe ran 'yata a kan kazar jiya ya rataya?