Butocin Gwaggo Hadiza a Saman Bene

Ranar Juma'ar farko ta babban hutu, shekarar da na gama aji huɗu, Gwaggo Hadiza ta hau saman benenmu na unguwar Uhudu da ke Madina rungume da tsofaffin butocin shayi, ta tarar da mu muna wankin tayil muna ƙunƙuni. Ƙanwar babana ce, mai harhaɗa magunguna, ba ta daɗe da samun aiki a Madina ba. Ta cika buta ɗaya da yashi, ta ɗaure murfin, ta durƙusa a gwiwa ɗaya har bakin zanenta na shan kumfa, sannan ta tura. Butar ta tafi sululu tana juyawa a hankali, ta karkata, ta tsaya cak a kan tayil ɗin da Gwaggo ta nuna mana tun farko. Muka yar da bokiti muka yi kanta da tambayoyi.

A ranar muka ji cewa a ƙasar sanyin da ta yi karatu ta shiga wasan tura dutse a kan ƙanƙara, wanda suke kira kalin. Ta yi wa jami'arsu wasa har suka ci kofi, da gwiwa ta matsa mata kuma ta koma horar da 'yan mata. Mutum ɗaya ke tura dutsen, biyu su bi gabansa da shara don ya ƙara tafiya, dutsen da ya fi kusa da tsakiyar da'ira shi ya ci. Mu da ba mu san ƙanƙara ba sai ta firji muka ce ina za mu samu, ta ce, "In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza." Ruwan sabulu ya zama ƙanƙararmu, jan salatif ya zama da'ira, sandar goge ruwa da muke kira massaha ta zama tsintsiya. Wankin da a da sai Mama ta yi ta kira, ya koma abin rige-rige da an yi la'asar. Gwaggo ta koya mana inda ƙasa ta gangara wajen magudana, da yadda ake murɗa hannun buta. Ni kuwa zafin kai ya hana ni ji, da ƙarfi nake wurgawa, har takan ce, "Ke Hajara, buta kike turawa ko Shaiɗan kike jifa?"

Ciwon raina shi ne Sumayya, 'yar maƙwabtanmu mutanen Damagaram, haihuwar Madina, mai jin Hausa tana amsawa da Larabci. Kowace Juma'a sai ita da ƙannenta sun lallasa mu a wasan, ni da Abba da Maryam ƙannena. Kwatsam sai muka ji aikin babanta ya ƙare, za su koma gida gaba ɗaya. Juma'a ɗaya ta rage mini, in ban ci ta a ranar ba, shi ke nan har abada.

Wasan ya yi zafi har butar ƙarshe ta zo hannuna. Ta Sumayya na zaune kusa da tsakiya, wata kuma ta tare hanya. Zuciyata ta ce in watsa su duka da ƙarfi. Na dubi Gwaggo, ita kuwa ta harɗe hannu ta mai da ido kan Dutsen Uhudu kamar ba ta san ni ba. Na durƙusa, na saki butar a hankali ta ɓangaren gangara. Abba da Maryam suka bi ta da massaha, ni ina ta ihun su share har tattabarun maƙwabta suka tashi. Butar ta kewaye mai tsaron, ta goge ta Sumayya, ta zauna daram a tsakiya. Na yi tsalle, santsi ya kwashe ni, na tashi jagab ina dariya, daɗi kamar ya kashe ni.

Dokar wasan, in ji Gwaggo, wanda ya ci shi ke zuba wa wanda aka ci shayi. Duk makonnin nan Sumayya ke zuba mini, ina karɓa fuska a murtuke don gori nake ɗaukarsa. Ranar ni na riƙe butar shayin na'ana'a na zuba mata. Ta kurɓa, ta taya ni murna da Larabcinta, ta ce, "Mabruk. Wallahi Juma'a mai zuwa zan rama." Sai muka tuna tare cewa kafin wata Juma'ar sun tafi. Nan take murnar ta fice mini daga rai, na fashe da kuka.

Yau na'urorin sanyaya ɗaki sun cinye saman benen, 'ya'yana kuma a waya suke wasanninsu. Gwaggo ta yi ritaya tana Kano, da sanda take tafiya, Sumayya kuwa ban ƙara jin ɗuriyarta ba. Har yanzu ina jiran ta zo ta rama.