Gawar da na lulluɓe da mayafina

Muna idar da sallar asuba ranar Asabar muka bar unguwarmu ta Thamesmead, nan ƙasar Turawa, ni da maigida. Abokan aikinsa na asibiti ne suka kama mana wuri a wata liyafa a ƙauye, wai a ci abinci a kuma yi wasan gano wanda ya yi kisa. A jirgin ƙasa, inda kuɗin shayi kofi ɗaya ya isa sayen burodin gida, ya roƙe ni: "Maman yara, ogana zai zo. Duk abin da kika gani, wasa ne."

Ƙauyen tsit, sai tumaki da kaburburan coci. Masaukin tsohon gini ne mai warin danshi. Bayan magariba aka kashe lantarki aka kunna kyandir. Wani dattijo ya ba mu labarin wata mata da ta nutse a rijiyar garin tana neman ɗanta, wai har yau tana yawo da jiƙaƙƙiyar riga. Kifi da dankali na karɓa saboda ban san yankan naman ba, su ma suka ƙi wucewa.

Sai kyandir ya mutu, aka ƙwalla ƙara. Da haske ya dawo, ga yarinyar da ta zuba mini ruwa kwance a ƙasa, jini a wuyanta, siket ya tattare. Mutane suka ci gaba da tauna suna dariya. Na zuba wa ƙirjinta ido, ban ga motsi ba. Idan fa da gaske ne, muna zaune muna ci? 'Yar wani ce. Na karanta Ayatul Kursiyyu, maigida na matsa mini hannu, amma na miƙe.

Hannunta kamar ƙanƙara. Na yi salati, na cire mayafina na lulluɓe ta daga kai har ƙafa, yadda ake yi wa mamaci a gida. Sai gawa ta raɗa mini da Turanci: "Na gode, sanyi ya kusa kashe ni."

Ban san lokacin da na zauna daɓas ba. Ashe na rufe alamar da ake so a gano a hannunta, wasa ya lalace. Ogan ya yi dariya har da hawaye, ya ce wa maigida a duk teburin ni kaɗai ce na duba marar lafiya.

Washegari muka dawo lafiya, alhamdulillahi. Na gane akwai masu biyan kuɗi don a tsorata su, kuma ni ba na cikinsu. Mayafin na wanke shi sau biyu. Fitilar baranda kuwa har yau ban yarda a kashe ta ba.