Tunda Ba Ka Komai

A kowane dangi akwai mutum ɗaya da ake ajiyewa don saura su huta, a wannan dangin kuwa Auta ne. Furfura ta fara leƙowa a gemunsa, amma har yau Auta ake ce masa, 'ya'yan yayyensa su ce Kawu Auta. Ya yi karatu ya gama, ya zuba takardunsa a leda ya shiga neman aiki, ya nema har ledar ta mutu aka sake wata. Da dangi suka ga aikin ya ƙi samuwa, sai tausayi ya kama su, suka ba shi nasu.

Ba wanda ke aikensa kai tsaye, ai babban mutum ne. Sai dai a kira shi a waya, a tambayi lafiyarsa, a yi masa addu'ar samun aiki, sannan a ce, "Tunda ba ka komai…" Tunda ba ya komai, shi ke bin layin asibiti ya karɓo wa kowa kati, shi ke ɗauko yara daga makaranta, shi ke jiran mai gyaran famfo a wannan gida da mai gyaran wuta a wancan. Shi ke tsayawa a kan bakanike kada ya sauya wa motar wani abin da bai lalace ba. Mutumin da ba ya komai yakan dawo ɗakinsa ƙafa a kumbure, in kuwa ya makara a wuri ɗaya, sai a tambaye shi me ya tsare shi.

Ana haka wani abokin karatunsa ya yi masa hanya a wani babban shagon fenti. Aikin bai da wuya: ya tsaya bayan kanta kusa da injin haɗa launi, mai saye ya nuna kalar da yake so a jikin kati, Auta ya danna lambarta, injin ya ɗiga launi cikin farin fenti ya girgiza gwangwanin. Sai dai na gwaji ne tukuna. In ya yi, a riƙe shi. In bai yi ba, ya koma wa ledarsa. Wannan komawar ita ce abin da Auta ya fi tsoro a duniya.

Dangi suka yi murna, suka taru a falon Yaya Babba, babbar yayarsu mace, don a koya masa zaman wurin aiki. Mijinta ya ce ya gaishe da duk abin da ke motsi. Wani ɗan'uwa ya ce kada ya zauna in shugaba na tsaye. Wata gwaggo da ba ta taɓa taka ofis ba sai don neman sa hannu ta ce kada ya ci abinci a gaban mutane, a nan raini ke farawa. Aka ara masa kwat, aka goge masa takalmi. Cikin duk masu hikimar nan babu wanda ya ce za a daina kiransa.

Ranar farko Auta ya bi umarni tiryan-tiryan. Ya rusuna wa mai shara, ya ce wa direban shago ranka ya daɗe har direban ya waiga ya ga wa ake nufi. Manaja, wata siririyar mata mai gilashi wadda ba ta son magana biyu in ɗaya ta isa, ta dubi kwat ɗin nan ta miƙa masa rigar aiki mai ɗigon fenti. Da rana abokan aiki suka buɗe kwanukansu, shi ya ce ya ƙoshi, cikinsa na ƙugi yana gasa da injin.

Sai kuma waya. Dangi mutane ne masu fahimta, sun san yanzu yana komai, don haka suka sauya baki. "Tunda kana cikin gari…" "Tunda shagon naku na kusa da kasuwa…" Hannun Auta kuwa ya riga ya saba, kafin ya yi tunani wayar na kunnensa, bakinsa ya ce to. Ya fara sulalewa lokacin cin abinci yana dawowa a jiƙe da gumi. Wata rana yana sauraron bayanin irin maganin da zai sayo wa wani ƙanen babansu, ya danna lambar da ba ita ba. Wani ɗan kwangila da ya nemi ruwan madara don bangon ofis ya buɗe gwangwani ya tarar da ruwan hoda mai kyau, irin na ɗakin jarirai.

Manaja ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba da tsoro ke nan. Ta ce masa ita rusunawarsa ba ta dame ta ba, ya yi ko ya bari. Ladabin wurin nan shi ne inda ƙafarka take a nan hankalinka yake. Daga yau waya ta shiga durowa sai an tashi, kuma in ya sake fita lokacin aiki, to ya zarce gida abinsa.

Wayar ta shiga durowa, ta yi ta kuka a ciki ba mai lallashi. Kwana kaɗan da haka, da hantsi, shago cike da masu saye, sai ga Yaya Babba da kanta, da jaka a kafaɗa. Ba ta ma dube shi ba, ta wuce wurin Manaja, ta gaishe ta da fara'a, ta yi mata godiyar riƙe ƙanenta.

"Aronsa na zo ki ba ni, awa ɗaya kawai," in ji ta. "Mai gyaran firji zai zo, kuma ba kowa a gidan, duk suna wurin aiki, ni kuma unguwa za ni."

Manaja ta gyara gilashinta. "Ba tsani ba ne, Hajiya, balle in ba da aro. Ga shi nan, ki tambaye shi. Ya san abin da muka yi da shi."

Yaya Babba ta juyo tana murmushi, don ita a wurinta an gama magana. "Tashi mu je, Auta."

Auta ya ji ƙafafunsa sun fara tafiya tun kafin ya ba su izini, ya dafe kanta ya tsayar da su. Wannan matar ita ta goya shi. A shekarun nan na zaman banza, da kowa ke yi masa addu'a daga nesa, ita ce ke tabbatar da bai kwana da yunwa ba, kuma ba ta taɓa goranta masa ba. Yana sonta, yana jin kunyarta, bai taɓa ce mata a'a ba tun da ya iya magana. Ga kuma ƙofa can a buɗe, ya san in ya bi ta ba dawowa.

"Yaya," ya ce, muryarsa can ƙasa, "ni ma ina wurin aiki."

Shekara da shekaru yana mafarkin ranar da zai faɗi wannan magana, bai taɓa zaton za ta fito da ɗaci haka ba. Murmushin ya bar fuskarta a hankali. Ta dubi rigar mai ɗigon fenti, ta dubi injin, ta ce, "Lallai. Allah ya taimaka." Ta gyara jakarta ta fita.

Kafin la'asar labari ya zaga dangi: Auta ya samu aiki, kai ya kumbura. Masu koya masa ladabi suka ce dama sun hango, wanda ya daɗe bai samu ba haka yake yi in ya samu. Mai gyaran firji ya zo ya tarar da gida a kulle. Aka gano cewa yara na iya dawowa a motar makaranta, layin asibiti kuma ashe kowa na da ƙafar binsa.

Da gwaji ya ƙare, Manaja ta kira shi ta ce an riƙe shi, ta koma kan abin da take yi. Daɗi ya cika Auta har yana neman yi masa yawa shi kaɗai. Ana tashi ya buɗe durowa ya ɗauko wayar. Babu kiran kowa, kamar jiya, kamar makon da ya wuce. Ya nemo lambar Yaya Babba ya tsaya yana kallonta, ya rasa ta inda zai fara, don shi tun da yake kiransa ake yi.

A bakin ƙofa ya roƙi mai gadi ya ɗan kira shi, ya ce yana jin wayar tasa ta samu matsala. Mai gadi ya danna lambar. Wayar ta yi ƙara a hannun Auta, lafiyarta lau.