Ranar da Rabi ta cura manyan dunƙule

Damanar da malaman lakwal, wato makarantar boko, suka yi ta yajin aiki, rediyo ba ta da zance sai dimokuraɗiyya, aka kira gayya a gonarmu ta Tsibiri. Ranar kuwa Inna ta tafi suna Maraɗi, ta bar wa yayata Rabi aikin furar masu noma, karo na farko a rayuwarta. Kaka ta riga ta ce ba za ta iya ba. Rabi ta daka gero, ta zuba citta da kanumfari, ta kwaɓa, amma don ta gama da wuri sai ta cura dunƙulen manya-manya kamar kan jariri, ta jefa a tafasasshen ruwa. Da ta tsamo ɗaya ta fasa, wajensa ya nuna, cikinsa kuwa ɗanyen gari ne tsantsa. Rana ta ɗaga, maza na can suna jira, Rabi ta zauna bakin murhu tana hawaye.

Kawunmu Isa, malami ne a Jiratawa, ana ce masa Mushe Isa yadda ake kiran malaman lakwal da Faransanci, yajin aiki ya zaunar da shi gidanmu ba albashi. Ya leƙo, ya duba tukunya, ya naɗe hannun riga ya ce, "Ɗiyata, tashi. Kowane a raba shi biyu, a mayar." Muka zauna mu yara muna fasawa muna hura yatsu. Yana aiki yana ba mu labari, wai jikinmu ma haka yake, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani. Kowace ta fatarta take shan abinci, ta nan kuma datti ke fita. In ta cika girma abinci ba zai kai tsakiyarta ba, kamar yadda zafi ya kasa kai tsakiyar dunƙulen, shi ya sa da ta taso sai ta rabu biyu. Na tambaye shi Tanko mahauci fa, mai ƙaton tumbi? Ya ce ƙwayoyin Tanko ba su fi nawa girma ba, yawa suka fi. Muka yi ta dariya, har Rabi mai kuka.

Dunƙule suka nuna, ta kirɓa, ta dama da nono, muka ɗauki ƙore muka ruga gona. An makara, amma Baba ya shanye ludayi ya ce a ƙaro. Kaka ta ɗanɗana, ba ta yaba ba, ba ta kuma mayar da ƙwaryar ba.

Ni ban yi nisa a lakwal ba, aji uku na bari, duk karatun ya zube sai wannan. Yanzu ina unguwar Zariya cikin Maraɗi, in na dawo aiki a gajiye furar leda nake saya, in sha a tsaye. Rabi ta yi jikoki, har yau ƙanana take curawa. In na je gidanta ba na tashi da wuri.