Tafin Hannun Barmo

Barmo mai injin niƙa ya bar kunnuwansa a kasuwar Malbaza. Injin ne ya cinye su kaɗan-kaɗan, har ya kai ga ko ladan ya kira salla sai ya ga mutane sun tashi sannan ya tashi. Bai taɓa kokawa da haka ba. Hannu yake ɗorawa a jikin injin, daga rawar ƙarfen ya gane lafiyarsa.

Abin dariyar, matarsa Jummai ba ta taɓa kai masa geronta ba. Cewa take furar inji warin mai take yi. A turmi take dakanta, ta cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu, ta cafe. Barmo na zaune a tabarma yana jin dakan ta ƙasa, yana yi mata tsiya wai tana kashe masa kasuwa.

Da Jummai ta rasu gidan ya yi shiru na gaske. Ɗansu Yahuza ya tafi Yamai, ya shiga wata ƙungiyar masu gitar lantarki, irin masu kiɗan da ke girgiza bango, shi ne mai ganguna. Barmo bai hana shi ba, amma abin na cin ransa: duk gari ana zancen kiɗan ɗansa, shi kuwa bai san kamarsa ba, yana tsoron ya mutu bai sani ba.

Ranar da yawon wasansu ya kawo su filin kokawa na Konni, ya hau kabu-kabu ya je. Bayan la'asar aka fara. Samari na tsalle, ƙura na tashi, Yahuza na dukan ganguna gumi sharkaf, Barmo kuwa hannuwa kawai yake gani suna sama suna ƙasa. 

Sai ya kutsa gaba, inda aka jibge manyan sifiku, wurin da ko samarin ba sa iya tsayawa. Wani jandarma ya ɗaga masa hannu, Barmo ya nuna masa kunne, jandarman ya ƙyale shi. Ya ɗora tafinsa a jikin akwatin wata sifika kamar yadda ya saba yi wa injinsa.

Duka mai nauyi, ɗan shiru, tafi biyu, sannan duka kuma. Ya tsaya a haka, hawaye na bin gemunsa, har aka tashi.

Yahuza ya sauko ya durƙusa gabansa, ya nuna kunne, yana motsa baki a hankali: "Baba, ka jiya?"

Barmo ya kama hannuwan ɗansa, ya yi magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin muryarsa.

"Na jiya. Wagga taɓaryar uwarka ta. Ashe ba ni ɗai ad da kewarta ba."