Gonar Dorathy Ba Ta Cin Sadaka

Ni da gyaɗa na san Dorathy. Mai nake matsa, ina toya ƙuli a nan Lamorde tun kafin a haifi yawancin masu yi mini ciniki yau. Ita kuwa manomiya ce, gonarta na Wuro Patuji, can gefen mayo, wato kogi. Gyaɗarta ba ƙasa, ba fanko. In ta ce buhu, to buhu ne, ba a ɓoye tsakuwa a gindi. Shi ya sa da kaka ta kama nake riga masu saye 'yan Yelwa zuwa ƙofarta. Ita Kirista ce 'yar ƙasa, ni iyayena daga Borno suka zo. Katanga ɗaya ta raba mu, ita ma ta gaji ta zube ta wajen rijiya, ba wanda ya damu ya gyara. Ina ce mata Maman Aaron. Tana ce mini Hajja, in tsokana ta motsa ta ce Hajja Hansai mai bakin reza.

Wajen wanka ta fara jin ƙullutu a nononta na dama. Ba ta tsaya jiƙe-jiƙe ba. Ta gaya wa mijinta Elkana, suka hau mota sai Yola. Aka ce kansa ce, wato ciwon daji, aka yanke nonon, aka cire har da kaluluwar hammata, aka yi ta ɗaura mata ruwan magani mai sa amai. Gashi ya zube. Ranar da ta dawo na leƙa ta ɓarakar katanga, na ga mace kamar an ɗora zane a kan kara. Na ce a raina, wannan sai dai addu'a. Ashe ni ce ban san Dorathy ba.

Matan da ke noma a wajen nan suna da gayya. Yau gonar wannan, gobe ta waccan, Musulma da Kirista duk fartanya ɗaya. Mai gona ta dama kunu, ta dafa abin da ya sawwaƙa. Uwar gayyar ita ce Susanna, wata doguwa mai muryar maza. Da yamma take bi gida-gida, ba ta shiga, a ƙofa take tsayawa ta kira sunanki, ta ce gobe gonar wance. Dokar ɗaya ce: an yi miki, ki yi. Wadda ba a kira ba kuwa, ko ta yi tafiya ko ta mutu. Daminar da Dorathy ke kwance da wadda ta biyo baya, matan nan suka nome mata gona, suka cire, suka kawo har gida. Wannan kam Allah ya saka musu, ba ni da ta cewa.

To jiki ya dawo. Gashi ya fito fari tas, mai laushi kamar na jariri. Tana tafiya Wuro Patuji a ƙasa, ta dawo a ƙasa. Ranar Lahadi tana gaban matan zumunta da ganga. Abu ɗaya ne ya ƙi komawa yadda yake, wato hannun dama. Tun da aka taɓa hammatar, in ta yi aiki mai nauyi sai ya kumbura. Likita ya ce kada ta ɗauki kaya da shi, kada a yi masa allura, kada ta bari ko ƙaya ta karce shi. Sai ta koma hagu. Ku kuwa kun san mutanenmu da hagu. Ina tare da ita ranar da muka sauka daga keke a bakin kasuwa, ta miƙa wa mai keken kuɗi, wani gardi mai gemu, ya tsaya yana kallon hannun.

"Haba Mama, da hagu?"

"Ɗan nan, na daman likita ya ba shi fansho. In kuɗin hagu ba ya sayen mai, dawo mini da abina."

Ya karɓa da sauri, har da godiya.

Gefen da aka yanke tsumma take naɗewa ta cusa, don riga ta zauna daidai. Matan cocinsu suka ba ni labari wai ana tsakar rawa tsumman ya faɗo ƙasa. Kowa ya sunkuyar da kai. Ita ta ɗauka ta kaɗe, ta ce, "Ku ci gaba, wannan ko ya faɗi ba ya ciwo."

Abubuwan da ta tsana suna da yawa, kuma ba ta ɓoyewa. Ta tsani masu cewa "ciwon nan" suna rage murya. Takan ce, "Kansa sunanta. Ba surukata ba ce da zan ji kunyar kiran ta." Ta tsani masu maganin gargajiyar da ke kafa lasifika a kasuwa suna cewa kwalba ɗaya na maganin basir da daji da rashin miji. Ta taɓa tsayawa gaban wani ta ce ya sha a gabanta ya samu miji tukuna. Ta tsani zafin da ƙwayar da take sha kullum ke tayar mata, har ta jiƙa zane ana tsakar sanyi. Ta tsani doguwar hanyar Yola da zaman layi, a duba ka cikin ƙiftawar ido a ce ka dawo. Amma ba ta taɓa fashin zuwa ba, kuma duk yarinyar da ta ce mata nono na mata wani iri, Dorathy ba ta barin ta sai ta ga takardar asibiti a hannunta. Fiye da komai dai ta tsani sannu. Ba sannun gaisuwa ba, wannan sannun da ake karkatar da kai ana ja, kamar ana leƙen kabari.

"Hajja," ta ce da ni, "wukar likita ba ta kashe ni ba, amma sannun mutanen nan za ta kai ni."

Bana da aka yi shuka, lokacin noman farko ya zo. Muna zaune a tsakar gidanta muna ɓarar gyaɗa, sai ga muryar Susanna a ƙofar maƙwabta tana kira. Dorathy ta ajiye tire, ta gyara ɗaurin ƙirji, tana jira. Muka ji takun Susanna ya zo, ya wuce. Can gaba ta sake kiran wata. Dorathy ta ɗauki tirenta ta ci gaba da ɓara. Bayan kwana biyu ta je gonarta da fartanya, ta tarar an riga an nome ta tas. Sun yi mata a ɓoye, don kirki.

Kirkin nan ne ya ƙona ta. Da ta ji za a yi gonar Sumayyat, ɗaya daga cikin matan gayyar, ta tafi ba gayyata. Ta kama fartanya da hannun dama, ta shiga kunya ɗaya da 'yan mata, wai sai ta nuna musu. Ta kuwa nuna. Har azahar ba ta miƙe ba. Wata ƙaya ta karce ta a gwiwar hannu, ba ta ma kula ba. Washegari hannu ya zama taɓarya, ja wur, zazzaɓi na kaɗa ta. Elkana ya sa ta a keke sai asibiti, ta yi kwanaki ana mata allurai.

Na je duba ta, ban kai mata sannu ba.

"Maman Aaron, ke da fartanya ne kuke gasa ko ke da likita?"

"Na yi wauta, Hajja."

"Ai ba tambaya nake ba."

Ta yi dariya har ta riƙe hammata. Matan gayya kuwa suka samu abin faɗa. Ba mun faɗa ba? Daga nan ko tunanin kiran ta ba su sake yi ba.

Sai gyaɗa ta nuna. Wanda bai noma ba, bari in gaya masa: gyaɗa in ta nuna ba ta jiran kowa. In ruwan ƙarshe ya same ta a ƙasa, a nan cikin kwanso za ta tsiro, wahalar shekara ta tafi. Kuma bana ruwa ya ƙi ɗaukewa. Elkana gwiwarsa ta daɗe da lalacewa, Aaron yana makaranta a wani gari. Ba gayya, ba mai cire wannan gyaɗa.

Susanna ta shigo har tsakar gidan Dorathy da mata biyu. Ina bakin rijiya, kuma ban yi kamar ba na ji ba.

"'Yar'uwa, mun shirya. Taki za mu fara cirewa. Ke dai ki huta."

"Kun kira ni noman farko?"

"Haba Dorathy, kin ga abin da ya faru da hannun."

"Kun kira ni na biyu?"

"Don lafiyarki ne."

"To na gode. Wanda kuka yi ina kwance, gayya ce, ina sane da ita. Wannan kuwa sadaka ce, gonata ba ta cin sadaka. Duk wadda ta taka ta ba da sanina ba, ni da ita."

Elkana ya fito daga ɗaki yana ɗingishi. "Maman Aaron, abincin shekara ne fa."

"Na sani, Baban Aaron. Ni na shuka."

Susanna ta ce to me take so. Dorathy ta ce a tsaya a ƙofarta a kira sunanta kamar kowa. In ta je, ita ta san abin da hannunta zai iya, ta riga ta sha darasi. Kuma kada a tsallake kowa dominta, gonarta ta jira layi. Tun da in ban da Sumayyat ba ta yi wa kowa ba bana, layinta ne na ƙarshe.

Susanna ta fita ranta a ɓace. Aka yi gonar farko ba a kira ta ba. Ruwa ya sake sauka. Ni kuwa ba zan ɓoye ba, ban da ƙauna, gyaɗar nan ita ce man da nake sayarwa. Na ɗauki sandata na tafi gidan Susanna.

"Hajja," ta ce, "in ta faɗi a gonar wani, wa zai ɗauki alhakin? Ni na kira ta."

"Gaskiyarki. To wa zai ɗauki alhakin wadda kuka binne da ranta, kuna kai mata kunu?"

"Allah ya sani don ita muka yi."

"Allah ya sani, ita ce ba ku tambaya ba. Ke, cirar gyaɗa aiki nawa ne? Masu ƙarfi su tuge, sauran su zauna su tsinke. Uwar Bobboi da ko gani ba ta yi sosai, ba kuna kiran ta tsinka ba? Ita ta fi Dorathy ƙarfi ne?"

Ta shiga murza zobenta. Na tashi, ban jira amsa ba. Magana kamar gishiri ce, in ka zuba sai ka rufe tukunya.

Yammacin washegari ina tace mai, na ji muryar nan a ƙofar maƙwabciyata.

"Dorathy! Gobe gonar Sumayyat!"

Ta ɓarakar katanga na gan ta zaune a kan turmi, ta ji sarai. Ta dube ni ta kashe ido.

"Dorathy matar Elkana!"

"Wa ke kira? Ɗaga murya, Susanna, unguwa ba ta ji ba!"

"Gobe gonar Sumayyat, ja'ira!"

"Na ji! Ki ce ta sa tsamiya a kunun, na bara salam ne aka ce!"

Da safe ta fita sanye da tsohuwar rigar Elkana mai dogon hannu, ta zura hannun dama cikin safa don ƙaya. Sumayyat ce ta ba ni sauran labari. Ba ta taɓa fartanya ba, ba ta tuge ko gindi ɗaya ba. Ta zauna a inuwa, ta danne karan gyaɗa da ƙafa, tana tsinka da hagu. In hannun dama ya fara nauyi sai ta ɗora shi a kan kwando ta ci gaba. Wata ta ce mata sannu, ta ce a ajiye wa masu tugewa, su ne a rana. Wata ta ja mata karin magana, wai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta ce, "Ba ya ɗauka, amma ga shi yana tsinkar gyaɗa. Ke mai biyu ina kwandonki?"

Haka ta bi gonakin nan ɗaya bayan ɗaya. Ranar da layinta ya zo, ita ta dama kunun da kanta, ta tsaya a bakin gona tana tarbar su a matsayin mai gona. Gefen tudu ya fito lafiya. Gefen mayo kuwa, inda ƙasa ke riƙe ruwa, ya riga ya tsiro. Ba kaɗan ba ne. Elkana ya duba ya kama kai, sannan ya dubi matarsa tana ba Susanna kunu suna zage-zage, ya saki kan.

Abin da ya samu ta aiko mini da rabona. Na zuba a faifai na ga bai kai na shekarun baya ba, na ɗaga murya ta kan katanga.

"Maman Aaron, wannan ce gyaɗar? Taurin kanki ya cinye mini mai."

"Ki yi haƙuri, Hajja. Baɗi layina ba zai zama na ƙarshe ba."

"Kin tabbata kina nan baɗin?"

Ni kaɗai ke iya yi mata wannan tambaya. Ta fito tana ɗaura kallabi a kan farin gashin nan.

"Allah ne ya sani, kamar yadda ya san naki. Amma an kira ni cirar wake, kuma ranar ta faɗa daidai da zuwa Yola. Bari in je in gaya wa Susanna ta ɗaga. Ba za a yi ba ni ba."

Ta ɗauki takalminta da hagu, ta fita.